Kafin a ɗaura lema a gaɓar Paje

Tambaya: Zan je Zanzibar hutu. Wane lokaci ya fi dacewa da wasan nan da iska ke jan mutum da lema a kan allo? (Daga Kaduna)

Amsa: Iska biyu ake jira a Paje, garin bakin teku da ake wannan wasa a Zanzibar. Kusi tana busowa daga kudu, Yuni zuwa Satumba, ita ta fi ƙarfi. Kaskazi kuwa daga arewa, Disamba zuwa Fabrairu. Afrilu da Mayu ruwan sama ake tafkawa, ka riƙe kuɗinka.

Tambaya: Ban iya iyo ba, amma an ce ruwan bai wuce gwiwa ba.

Amsa: Haba malam! Wannan ai sai teku ta janye. In ta dawo, sai ta shanye tsayinka. Je ka koyi iyo tukuna.

Tambaya: Na ga lemar gwanjo a intanet da rabin kuɗi. In saya kafin tafiya?

Amsa: Kada ka kuskura. Wannan ɗabi'a tamu ta son araha tana ba ni takaici, mun manta araha ba ta ado. Lemar da ta sha rana yadinta ya mutu, in ka murza shi sai ka ji ya yi laushi. Igiyoyinta, masu tsawon mita 20 ko fiye, sukan miƙe, wata ta ɗara wata, lemar ta riƙa karkata. Uwa-uba maɓallin gaggawa, wanda ake turawa a rabu da ƙarfin lema. In gishiri da yashi sun cinye shi ya ƙi buɗewa, iska za ta ja ka a ƙasa cikin jama'a. Paje kuwa cike take: 'yan koyo, masu wanka, ga gonakin ciyawar teku da matan garin suka kafa wa turaku da igiyoyi. Hoto ba ya nuna maka ko ɗaya daga cikin lahanin nan, mai sayarwa kuma ba zai faɗa ba. Ɗan koyo ma ina ya san girman da ya dace da nauyinsa? Ka yi haya a makarantar koyar da wasan, ka gwada maɓallin da hannunka a kan yashi. Abin da za ka saya shi ne takalmin roba, saboda ƙayar bushiyar teku.

Tambaya: Ɗana ya nace sai ya gwada, na kasa barci. (Wata uwa daga Zinder)

Amsa: Hajiya, kwantar da hankalinki. Cikin tafkin da duwatsun murjani suka kare ake koyo, ruwan a kwance yake. Ki sa shi ya nemi malami mai shaidar IKO, ƙungiyar duniya ta wannan wasa, ya sa hular kwano da rigar da ke hana nutsewa. Inshorar dala 44 da Zanzibar ta wajabta wa baƙi tun Oktoban 2024, ya tambaya ko ta haɗa da wasannin kasada, in ba ta haɗa ba ya ƙara wata. Allah ya dawo miki da shi lafiya.