Sabuwar jif mai lantarki tana jijjiga: daga ina za a fara nema?

Tambaya

Assalamu alaikum Injiniya. Wata biyu ke nan da na ɗauko sabuwar jif mai aiki da lantarki daga hannun wani dila a nan Legas, fil a leda. A cikin gari lafiya lau take, amma da zarar na hau titin Ibadan na kai wajen kilomita 90 zuwa 110, sai sitiyari ya kama karkarwa a hannuna, har ina jin abin kaɗan-kaɗan a kujera. Sau biyu ana yi mini balansin, wato daidaita nauyin taya, sai ya lafa kwana biyu ya dawo. Wani ya ce batir ne bai zauna daidai ba, wani kuma ya ce haka motocin lantarki suke, in yi haƙuri. Mene ne gaskiyar lamari?

Wani ɗan kasuwa daga Agege

Amsa

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya sanya alheri, ya kashe fitinar da ke cikinta.

Wanda ya ce maka haka motocin lantarki suke bai faɗi daidai ba. Motar fetur ce ke da dalilin rawa, domin a cikin injinta akwai fistin masu hawa da sauka da wuta mai tashi dubban sau a minti guda. Injin lantarki juyi kawai yake yi, babu duka babu fashewa. Abin da ke faruwa shi ne, da ƙarar inji ta kau, 'yar jijjigar da a da take ɓuya a bayanta sai ta fito fili, hannu ya ji ta. Maganar batir kuwa ka cire ta daga ranka. Batir ba ya juyawa, ba ya motsi, ɗaure yake tamau a ƙasan mota. Abin da ba ya juyi ba zai haifar da karkarwar da ke zuwa a wani gudu ta tafi a wani gudu ba.

Bayanin da ka yi ya riga ya nuna inda matsalar take, kuma lissafi ne mai sauƙi. Tayar irin wannan jif, misali mai lamba 235/55 R19, kewayenta kusan mita 2.3 ne. A gudun kilomita 100 tana zagayawa kamar sau 12 a daƙiƙa guda. Shi kuwa injin lantarkin, ta cikin giya ɗaya tilo da ke rage masa gudu, yana juyi ninki takwas zuwa goma na taya, wato kusan sau 100 zuwa 120 a daƙiƙa. Idan inji ne ke da matsala, abin da za ka ji shi ne ƙugi ko wani siririn kuka a kunne, ba sitiyari na kaɗa hannu ba. Karkarwar da har kana ganin hannunka na rawa, ta taya ce ko abin da ke juyi tare da ita. Dalilin da ya sa ta fi tsanani tsakanin 90 da 110 kuma, a daidai nan ne juyin taya ke haɗuwa da yadda ƙafar motar ke tsalle a kan sifirin ɗinta, sai su yi ta ƙarfafa juna. Ƙasa da haka abin ya kwanta, sama da haka ma yakan ragu. Kada kuma ka raina ɗan nauyi: giram 30 da ya fi yawa a gefe ɗaya na rim, a wannan gudun yana fizga da ƙarfin kusan kilo 4, sau 12 kowace daƙiƙa. Ka tuna fankar sama da reshenta ɗaya ya ɗan lanƙwashe: a lamba ɗaya shiru, a lamba huɗu har silin ke amsawa.

To me ya sa balansin bai magance ba? Nan ne tambayarka ta fi jan hankalina, musamman da ka ce yana lafawa kwana biyu ya dawo. Balansin da aka yi daidai ba ya lalacewa cikin kwana biyu sai in dalmar da aka manna a rim don daidaita nauyi ta faɗi, ko kuma akwai wani abu a cikin tayar da ke canja wuri. Da yawa daga cikin tayoyin motocin lantarki ana manna musu soso daga ciki, zagaye guda, don rage ƙarar titi. Idan gam ɗin ya saki, sai soson ya nannaɗe ya dunƙule wuri ɗaya. Mai balansin ya ɗora tayar a na'ura, ya manna dalma daidai da inda dunƙulen yake a ranar, ka tafi kana murna. Ka yi tafiya, dunƙulen ya gangara wani gefe, dalmar da aka manna ta koma ita ce matsala. Daga waje ba za ka taɓa gani ba. Sai an zare tayar daga rim an leƙa ciki. Ruwa ma yana yin haka. Da irin laimar Legas, tankin iskar mai faci na bakin titi yakan tara ruwa in ba a tsiyaye shi, ya hura maka shi tare da iska. Haka nan ruwan like huji, wanda da yawa daga cikin motocin nan ke zuwa da shi a madadin safaya. In wani ya taɓa zuba shi kafin motar ta iso hannunka, yana nan yana yawo a ciki. Gwajin ba wuya: a ɗora tayar a na'ura a rubuta abin da ta nuna, a sauke a mirgina ta a ƙasa a buga ta sau biyu, a sake ɗorawa. In lambar ta canja sosai, a buɗe.

Abu na biyu, balansin nauyi yake daidaitawa, ba ya mayar da taya zagayayya. Ka yi tunanin tafiyar da motar nan ta yi kafin ka gan ta. Ta jira a filin masana'anta, ta hau jirgin ruwa, in daga Sin take ta yi sama da wata guda a kan teku a ɗaure wuri ɗaya, ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Tin Can ko Apapa ta jira takardun kwastan, sannan ta yi zaman jiran mai saye. Jif mai lantarki kuma nauyi gare ta. Batirinta kaɗai yakan kai kilo 400 zuwa 600, motar gaba ɗaya tan biyu ko fiye. Duk wannan nauyin yana kan tafin taya guda huɗu da ba su motsa ba, sai wurin ya baje. Ƙaramin bajewa yakan warware da kansa in taya ta yi zafi bayan tafiyar kilomita 20 ko 30. Wanda ya wuce wata biyu ana hawa bai tafi ba, ya zauna ke nan, sai canjin taya. Wata tayar ma daga masana'anta take fitowa da gefe ɗaya ya fi tauri. Irin wannan na'urar balansin ta gama-gari ba ta kama shi, za ta nuna maka sifili-sifili alhali mota na rawa. Akwai na'urar da ke danna tayar da wani gangariyar ƙarfe da nauyin sama da kilo 500 tana juyi, kamar tana kan titi. Wadda aka fi sani ita ce Hunter Road Force. Ba kowane shago ke da ita ba, amma ka tambaya kafin ka sake biyan kuɗin balansin na uku. A ganina kuɗin da aka kashe a wannan gwajin ya fi duk wani canje-canjen lalube.

Tun kafin nan, akwai abin da za ka yi gobe da safe a ƙofar gida. Ka buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin akwai takarda manne da ke faɗin iskar da ta dace. Ka auna da gejinka tun taya na da sanyi. Masana'antu sukan cika iska fiye da kima da gangan saboda zaman jirgi, kuma aikin dila ne ya rage kafin ya miƙa makulli. Sau da yawa ba a yi. Taya mai tauri ba ita ke haifar da karkarwa ba, amma tana isar da kowace 'yar matsala har hannunka. Ka kuma duƙa ka haska cikin rim da tocila. In ka taɓa ratsa ruwa da laka, ko a Agege ko ta wajen Lekki lokacin damina, busasshen taɓo yakan maƙale a cikin rim ya yi nauyin da ya fi dalma. Ka duba bakin rim na ciki, wanda ke fuskantar ƙasan mota, domin shi ne ke lanƙwashewa in an faɗa rami, na waje yana nan sumul. Manyan rim na inci 20 da 21 da siririyar taya kyau gare su a ido, amma ba don titunanmu aka yi su ba. Wasu motocin kuma ana cusa musu robobi a tsakanin sifirin don tafiyar jirgi. In an manta ba a cire ba, mota takan yi tauri tana dukan baya. Sannan a tabbatar da notocin taya da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, ba da tsayuwa a kan ƙarfe ba.

Kada ka bari a sayar maka da alaimen a matsayin magani. Alaimen na gyara mota mai jan gefe da taya mai cin gefe ɗaya. Ba ya kashe karkarwa.

Duk da na fi zargin taya, ka yi wannan gwajin don mu rufe sauran ƙofofi. Ka fita da sassafe ranar Lahadi, ka hau titin Ibadan ka wuce Berger inda titi ya buɗe, ka ɗauki mutum ɗaya ya riƙa rubutawa, kuma kada ka haura kilomita 100 da dokar hanya ta yarda wa ƙananan motoci. Ka rage ƙarfin birkin inji, wanda ke rage gudu yana mayar wa batir caji in ka saki totur, zuwa mafi ƙanƙanta. In ka kai inda karkarwar ke farawa, ka ɗan taka totur, ka ɗan saki. Idan tana nan yadda take ko ka taka ko ka saki, gudu take bi, wato taya ko rim. Idan sai ka taka da ƙarfi take zuwa, musamman daga tsaye zuwa kilomita 60, da ka saki ta ɗauke, to shaf ne da ke kai juyi daga inji zuwa taya, ko robobin da injin ke zaune a kai. Injin lantarki na sakin ƙarfinsa gaba ɗaya tun daga tashi, shi ya sa shaf ke shan wuya, kuma abin ya fi yawa a motocin da ake ɗaga tsayinsu da iska in ana tuƙa su a ɗage kullum saboda tsoron ramuka.

Idan kuma sai ka taka birki take zuwa, faifan birki ne. Wannan ciwo ne na motocin lantarki a garin bakin teku. Da yake inji ne ke yin yawancin aikin tsayar da mota, faifan ba ya samun gugar da za ta share shi, ga iskar gishiri, sai tsatsa ta kama, inda fad ya dafe ya bar tabo. Taka birki da ɗan ƙarfi sau da dama a wuri marar cunkoso yakan share ƙarama. In bai tafi ba, a auna faifan.

Wadda ake ji mota na tsaye, musamman da rana a gosulo ko lokacin caji mai sauri, kwamfaresar esi ce da fanka da famfunan sanyaya batir. Ba laifi ba ce in ba ta yi tsanani ba. Akwai kuma wata da ke rikita mutane: motocin zamani da yawa suna girgiza sitiyari da gangan in kyamara ta ga ka taka layin titi ba ka sa sigina ba. A kan gadar Third Mainland, inda layuka ke fitowa ras, za ka ji ta. Ita takan zo ɗan gajeren lokaci ta ɗauke. Ka kashe ta a allon mota ka gwada.

In tayoyin gaba da na baya girmansu ɗaya ne, a musanya su, kowace a gefenta. Karkarwa ta bar sitiyari ta koma kujera, ka kama mai laifi da hannunka.

Sai maganar wurin da za a yi aikin, kuma a nan zan ɗan matsa maka, Alhaji. Mota ce 'yar wata biyu, tana cikin garanti. Kada ka bari a ce a tafi kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo a nemo shaf ko shokazoba a gwada. Duk abin da aka kwance a waje, dila zai iya fakewa da shi. Kada kuma kowa ya cusa jak a ƙarƙashinta sai a wuraren da littafin motar ya nuna, domin shimfiɗaɗɗen ƙarfen da ke tsakiya akwatin batir ne. Lotsa shi asara ce ta miliyoyi, ga haɗarin gobara. Wayoyi masu launin lemo suna ɗauke da wutar bolt 400, wasu 800, ba a taɓa su.

Ka koma wurin dila da takarda a rubuce: ranar saye, kilomitar da ke kan mota, gudun da abin ke faruwa, da rasit na balansin biyun da aka yi. Ka nemi makanikensu ya shiga ku hau babban titi tare, domin zagaye a layin ofishinsu da gudun 40 ba zai nuna komai ba, sai a rubuta maka cewa ba a ga matsala ba. Ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe da ke bayan DOT a gefen kowace taya: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, 1524 na nufin mako na 15 a 2024. In sabuwar mota na kan tayar da ta daɗe, hujja ce a hannunka. Ka kuma bincika ko dilan wakilin masana'anta ne ko da kansa ya shigo da motar, domin shi zai nuna wanda garantin ke wuyansa. In sun yi ta yi maka jeka-ka-dawo, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, akwai kuma ta jihar Legas, LASCOPA, duka suna karɓar koke.

Kafin a gano, ka riƙa tafiya ƙasa da gudun da take farawa. Amma in ka ga kumburi a gefen taya, ko karkarwar ta ƙaru farat ɗaya, ko ka ji ƙwanƙwasa daga ƙasa, ko jar alama ta fito a allo, ka ajiye ta a kira motar ɗauka mai shimfiɗa, wadda za ta ɗaga ƙafafun huɗu duka, don jan motar lantarki tayoyinta na juyi a ƙasa yana iya lalata injin.