Ki je mata da ƙwarya, wa'azi ya jira tukuna

'Yar'uwa, sannu da ɗawainiya. Kin ce ƙawarki ta rasa mijinta, ta daina zuwa coci, tana cewa Allah ya juya mata baya, ke kuma kin rasa abin faɗa. Ni ma na taɓa zama a tabarmar da take kai yanzu.

Ki buɗe littafin Rut, sura 4 ne kacal. Yunwa ta kori Na'omi daga Baitalami zuwa ƙasar Mowab, can ta binne mijinta Elimelek da 'ya'yanta biyu, Malon da Kiliyon. Orfa, matar ɗaya daga cikin 'ya'yan, ta koma gidansu, kuma ni ban ga laifinta ba, ita Na'omin ce ta matsa mata. Rut, matar ɗayan, ta ƙi komawa, ta ce mutanen uwar mijinta su ne nata, Allahnta shi ne nata.

Amma wurin da ya fi taɓa ni yana ƙarshen sura ta 1. Da suka shiga gari, Na'omi ta ce wa mata su kira ta Mara, wato mai ɗaci, wai ta fita a cike, Ubangiji ya dawo da ita hannu wofi. Hannu wofi fa, ga Rut tsaye a gefenta, wadda ta bar iyaye da ƙasa saboda ita! Rut ba ta yi fushi ba, ba ta gyara mata magana ba. Kala ta tafi a gonar Bo'aza, wani dangin Elimelek, har ragowar gasasshen hatsin da aka ba ta da rana ta ƙullo wa tsohuwa. A ranar ne bakin Na'omi ya sake sa albarka da sunan Ubangiji.

Lokacin da maigidana ya rasu, masu karanto mini ayoyi sun yi yawa, ban riƙe ko ɗaya ba. Wata daga zumuntar mata kuwa, kullum da la'asar sai ta shigo da kunun gyaɗa, ta share tsakar gida, ta yi wa yara kitso. Na sha yi mata tsawa. Sai bayan watanni na ce mata, "Gobe ki biyo mini, mu tafi sujada."

Don haka in ƙawarki ta faɗi mai ɗaci, ki bar ta ta amayar. Ki duba buhun hatsinta da kuɗin makarantar yara, kuma kada ki ɗauke ƙafa ranar da masu gaisuwa suka watse.