Na'urar Gem Ta Mutu, Hotunan Hajiya Suna Cikin Faifanta

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Muna da PlayStation 3, babbar nan ta farko mai ƙiba, wadda yayana ya sayo tun ina sakandare. Tana da ramin sa katin kyamara, don haka duk hotunan salla da na suna da na bikin yayarmu a cikinta muke juyewa mu kalla a talabijin, sannan mu goge katin. A ciki akwai hotunan mahaifiyarmu da wani ɗan bidiyonta tana yi wa jikoki wasa. Allah ya yi mata rasuwa bara. Watan jiya na kunna na'urar, ta kawo koriyar wuta, ta gifta rawaya, ta yi ƙara sau uku, sai jar wuta ta hau ƙiftawa. Na cire faifan ajiyarta na jona a kwamfuta, Windows ta ce sai an yi masa Initialize. Na sa shi a PS3 ɗin abokina, ita kuma ta ce sai an yi fomatin. Duka biyun ban danna ba. Yanzu wani mai gyara ya ce in sayar masa da gawar ya cire kaya. Na ji an ce an daɗe da fasa PS3. Wace manhaja zan sauke in buɗe faifan?
Daga wani ɗan'uwa a Tudun Wada, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa ta huta, ya ba ku haƙurin rashi.

Kafin komai, kada ka sayar da gawar nan, ko nawa aka taya. Faifan da ke hannunka akwati ne, mabuɗinsa kuwa yana cikin na'urar da mai gyara yake son saye. Ranar da ta bar hannunka, hotunan sun tafi ko da faifan yana ƙarƙashin matashinka.

Na kuma jinjina maka da ka janye yatsanka har sau biyu. Ni ban yi wannan hankalin ba. A shekarun da nake zaman benci ina gyara, wani yaro mai shagon gem ya kawo min irin wannan faifai, na jona, Windows ta fito da tagar nan, na danna OK ba tare da na karanta ba, don a zatona gaisuwa ce kawai. Bai fi ƙiftawar ido ba. Da muka mayar da faifan cikin na'urarsa, wadda lafiyarta ƙalau, sai ta ce ba ta san shi ba. Ƙungiyar da ya yi kaka da kaka yana ginawa a gem ɗin ƙwallo na PES ta tafi, kuma har yau in mun haɗu sai ya tuna min, da dariya, amma irin dariyar nan da ba ta kai ciki ba. Abin da ya faru shi ne, Windows tana rubuta nata teburin rabon faifai a sashen farko, wurin da PS3 ta ajiye nata. Bayit 512 kacal, amma nan ne taswirar gidan gaba ɗaya take.

Yanzu ga dalilin da ya sa babu manhajar da za ka sauke ta buɗe maka. Mutane suna ɗauka kwaɗo aka sa wa ƙofa, in an samu gwanin maƙeri ya ɓalle. Ba haka ba ne. Tun daga 2006 da Sony ta fitar da PS3, duk abin da na'urar za ta rubuta a faifai sai ya bi ta wani lissafin sirri da ake kira AES, ya fito a hargitse, sannan a rubuta. Idan za ta karanta, ta sake bi da shi ta lissafin ya dawo daidai. Ke nan hoton Hajiya ba a matsayin hoto yake kwance a faifan ba, tarin lambobi ne marasa kai da gindi. Tsawon mabuɗin lissafin bit 192 ne a masu ƙiba irin taka, 128 a sirara. Ko ƙaramin cikinsu, yawan mabuɗan da za a gwada lamba ce mai gurbi 39. Babu kwamfutar da za ta gama wannan canke, ba a Zariya ba, ba a Tokyo ba. Kuma ko an warware sirrin, tsarin jera fayilolin da ke ƙasa UFS2 ne, na dangin FreeBSD, wanda Windows ba ta jin yarensa.

Mabuɗin kuma ba ɗaya ba ne ga kowa. Kowace PS3 da nata, ana samo shi daga wani tushen mabuɗi da masu bincike suka sa wa suna eid_root_key, wanda ke ɗaure da ƙwaƙwalwar na'urar, wato furosesan nan mai suna Cell. Shi ya sa ta abokinka ta nemi fomatin: ta gwada nata mabuɗin, ta ga shirme, ta ɗauka sabon faifai aka kawo mata.

Maganar an fasa PS3 gaskiya ce, amma ba wannan ƙofar aka fasa ba. A Disambar 2010, a wani taron masana kwamfuta a Berlin, ƙungiyar fail0verflow ta nuna cewa a lissafin da Sony ke sa hannu da shi a kan manhajojinta, akwai lambar da ya kamata ta riƙa canzawa kowane lokaci, amma aka bar ta guda ɗaya. A Janairun 2011 George Hotz ya wallafa mabuɗin da aka samo, Sony ta kai shi kotu a Amurka, suka sasanta a Afrilun shekarar. Wancan mabuɗin na hatimi ne, shi ke sa na'ura ta yarda cewa manhaja daga Sony ta fito, kuma iri ɗaya ne a ko'ina. Daga nan aka samu hakin ɗin da shagunan gem ke yi, wato sa wa na'ura manhajar da ba ta Sony ba. Mabuɗin faifanka daban yake, babu shi a intanet, babu shi a wurin kowa. Manhajojin da ake magana, irin su PS3 HDD Reader, suna aiki ƙwarai, amma abu na farko da za su tambaye ka shi ne wannan tushen mabuɗin, ɗan fayil mai bayit 48. Shi kuma ana kwafo shi ne daga na'ura mai rai wadda aka sa wa manhajar hakin cikakkiya. Taka ta mutu kafin a kwafo.

Saboda haka hanya ɗaya ce ta rage: a tashe ta, ko da na awa ɗaya ne.

Rawayar wutar nan ba cuta ɗaya ba ce, alama ce kawai cewa na'urar ta duba kanta ta ga matsala ta kashe. Wani lokaci akwatin wuta ne ya gaji, wannan mai sauƙi ne. Wani lokaci kafasitocin NEC/Tokin ne da ke gefen manyan cif-cif biyu. Sau da yawa kuma, a masu ƙiba na farko, cif ɗin hoto ne mai suna RSX, wanda zafi da sanyi na shekaru suka tsattsage masa haɗin ciki. Akwai ɗan ƙaramin cif da ake kira syscon da ke ajiye lambobin kuskuren da suka faru, kuma ana iya karanta su da waya daga kwamfuta. Da wannan za ka auna mai gyara. Ka tambaye shi ko yana karanta syscon. In ya amsa da bayani, zauna. In ya ɗauko na'urar busar gashi ko bindigar zafi tun kafin ya buɗe murfi, ɗauki kayanka. Gasawar nan da zafi takan tayar da na'ura na kwana biyu, ba na musu, amma na ga bod, wato babban allon da cif-cif ke kai, da ya lanƙwashe ya tashi daga aiki har abada a dalilinta.

Ga kuma tarkon da ya fi kama mutane, don yana zuwa da fuskar alheri. Ka kai gyara, bayan kwana uku a kira ka a ce ta tashi. Ka zo ka ga tana kawo hoto tas, sai dai tana neman fomatin. Abin da aka yi, an cire bod ɗinka an sa na wata, naka kuma an jefa cikin kwandon kayan cira. An gudu daga gara an faɗa gidan zago ke nan. Ka gaya masa baki da baki, in da hali a gaban shaida, cewa ba gem kake nema ba, abin da ke cikin faifai kake nema. Ya canza akwatin wuta, fanka, kafasito, har RSX ɗin in ya iya. Amma Cell da cif ɗin filash da ke kan bod ɗin, kada a taɓa, kada a musanya. Ni da ni ne, zan sa alama da alƙalamin maka a gefen bod ɗin in ɗauki hotonsa a waya. Faifan kuma ya zauna a gida, ya yi gwajinsa da wani.

Kafin nan, tunda faifan ya haura shekara 15 yana juyawa, ka nemi wanda ya san Linux ya yi maka kwafinsa sashe bayan sashe da manhajar ddrescue zuwa wani faifan. Kwafin zai fito a hargitse kamar na asali, ba za ka ga hoto ko ɗaya ba, amma na'urarka za ta karanta shi in ta tashi. Irin faifan laftof ne, SATA mai inci biyu da rabi, ba wuyar samu.

Ranar da ta tashi, ka je da shirinka, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka riƙe filash da aka yi wa fomatin FAT32, don PS3 ba ta ganin NTFS. Ka mayar da faifanka, ka kunna, ka wuce kai tsaye layin hotuna, ka danna alwatika a hannun gem, ka zaɓi kwafa. Bidiyon Hajiya da hotunanta su ne farko, sauran su biyo baya. Kada ka fara da Backup Utility: yana iya cin awanni, na'urar da aka lallaɓo ba lallai ta kai ba, kuma abin da yake fitarwa dunƙulallen fayil ne da ba za ka buɗe a kwamfuta ka kalla ba. Kada ka kunna gem don gwaji. In ta kai ka allon Safe Mode, ka nisanci zaɓin Restore PS3 System, wannan shara yake yi gaba ɗaya. Sai hotuna sun sauka a wuri biyu, sannan in kana so a yi maganar kwafo tushen mabuɗin. Duk masu ƙiba suna karɓar manhajar da ke yin wannan, amma sa ta yana da nasa haɗarin, kuma Sony tana iya rufe asusun wanda ya hau intanet da ita.

TAMBAYA: Malam, ina da PS4 guda huɗu a shagona. Zan iya cire faifan ɗaya in jona a kwamfuta in kwafe gem zuwa sauran, don in huta da sayen data?
Daga mai shagon gem a Maraɗi.

AMSA: A'a, maigida. PS4 ta 2013 ta gaji halin yayarta, kowace da mabuɗinta, kuma in ka sa faifan wata a cikin wata za ta nemi ta share shi. Amma Sony ta bar maka ƙofofi biyu. Tun sabuntawa ta 4.00 a 2016 ana iya juye kayan PS4 zuwa wata PS4 ta wayar LAN, sai dai ka sani wadda ke karɓa za a goge abin da ke cikinta. Tun 4.50 a 2017 kuma ana iya jona faifan waje na USB 3.0, daga gig 250 zuwa tera 8, a mayar da shi ƙarin rumbu. Wannan faifan yana aiki a wata PS4 ɗin, amma gem ba zai buɗe ba sai da kaset ɗinsa ko asusun da ya saye shi. Kwamfuta ba za ta karanta shi ba.

Sebin, wato ajiyar inda wasa ya tsaya, na yara masu Master League a PES kuwa, shi ana kwafa a filash daga saituna, ka riƙa yi duk Juma'a. Idan kana tunanin hawa PS5, ka san cewa rumbunta na ciki a like yake da bod, ba abin da za a cire, kuma sebin na gem ɗin PS5 ba ya kwafuwa shi kaɗai a filash, sai ta ajiyar PlayStation Plus a intanet ko ta kwafin ajiyar na'urar gaba ɗaya.

TAMBAYA: Xbox 360 ɗin ƙanena ta kawo jan zobe, jar wutar nan ta lalacewa. Ita ma shi ke nan?
Daga wata 'yar'uwa a Gombe.

AMSA: Ke kam kin yi sa'a, 'yar'uwa. Faifan Xbox 360 ba a hargitsa shi ba, tsarinsa ne kawai baƙo, sunansa FATX. Ki zare shi ki maƙala a wata 360 mai irin jikinta, zai buɗe nan take da sebin da komai. In babu wata a kusa, a buɗe kwanson, a ciro faifan, a jona a kwamfuta, manhajar FATXplorer za ta nuna abin da ke ciki. Windows za ta fito miki da tagar nan ta Initialize kamar yadda ta yi wa ɗan'uwanmu na Zariya. Ki danna Cancel.