Amsoshin Tambayoyinku: Kafin Ka Zuba Kuɗinka a Sandar Sinuka

Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan sandar sinuka suka zo, wato sandar da ake buga ƙwallaye da ita a kan tebur, shi ya sa na haɗa su wuri guda.

Wani matashi mai sana'ar ɗinki daga Fagge ya rubuto cewa an nuna masa sanduna biyu a wani shago a Sabon Gari. Ɗaya fara ce babu ado, naira dubu 25. Ɗayar tana da zane-zane masu tsini, da zobba masu ƙyalli, an rubuta Predator a gindinta, naira dubu 70, kuma mai shago ya rantse daga Amurka ta zo. Yana tambaya wacce zai ɗauka.

Ƙanena, ka riƙe kuɗinka tukuna. Predator kamfani ne na gaske a Amurka, amma gaban sandarsu na zaren kabon da suka fitar a 2016, mai suna Revo, shi kaɗai ba tare da gindi ba ɗaruruwan daloli ake sayar da shi. Kai ɗan Fagge ne, Wapa na bayan gidanku. Ka leƙa ka tambayi canjin yau, ka buga lissafi, sannan ka gaya min ta yaya sanda sukutum za ta biya kuɗin jirgi da na kwastan ta iso Kano a dubu 70. Jabu ce. Wataƙila shi kansa mai shagon haka aka sayar masa, amma rantsuwarsa ba ta canza abin da ke hannunsa ba.

Abin da ke ƙona min rai shi ne yadda ake cin kuɗin yaranmu da sitika. A sanda ta ƙwarai, adon nan da kake gani katako ne a cikin katako. Maƙeri zai yanka baƙin katakon eboni, dangin kanyar nan tamu, ya fere shi, ya soka shi cikin farin katako, ya manne, ya ajiye ya bushe, ya sake ferewa. Wani kuma sai ya rarake ƙananan gurabe a jikin gindin, ya dasa ɓawon kifin teku ko azurfa ko wani katako mai launi, kowane guntu ya zauna daram a gurbinsa. Katakon kansa sai ya yi watanni, wani ma shekaru, ana rage shi kaɗan-kaɗan don kada ya lanƙwashe daga baya. Wannan wahalar ake saya, da kuma sunan wanda ya sha ta. Kai da kake ɗinki ka fi ni sani: aska takwas da aka yi da allura a babbar riga ba ɗaya take da wadda aka buga da fenti a kan yadi ba, ko da daga nesa sun yi kama.

Su kuwa masu jabu, takarda suke bugawa da hoton adon, su naɗe ta a jikin katako mai araha, su shafe da mai mai ƙyalli. In kana son ka gane, ka fito da sandar bakin ƙofa inda rana take. Ka juya ta a hankali. Sitika tana da layin da bakinta biyu suka haɗu, kuma in ka ƙura ido za ka ga launin ɗigo-ɗigo ne irin na hoton kalanda. Ka duba jijiyar katakon: a aikin gaske, baƙin katako da fari kowanne da tasa jijiyar, kuma tana sauya haske in ka motsa sandar. A sitika komai a kwance yake, babu zurfi, kuma duk tsinayen zanen za ka same su iri ɗaya sak har da tabonsu, abin da itace ba ya yi. Sannan ka kwance mahaɗin tsakiya ka leƙa. Ƙarfen da ke haɗa gaba da gindi ya zauna a tsakiya ko ya karkace? In ka ɗaure, akwai gefen da farce yake kamawa? Ka buga gindin a tafin hannunka, in ka ji wani abu yana kaɗawa a ciki, ka mayar masa da kayansa.

Ko da adon na gaske ne, ba shi ke jefa ƙwallo a rami ba. Duk aikin yana gaba: miƙewar sanda, santsinta a kan yatsu, da 'yar fatar da ke bakinta. Stephen Hendry na Sikotilan ya ci kofin duniya na sinuka sau bakwai tsakanin 1990 da 1999 da sandar da aka saya fam 40 tun yana yaro, kuma da ita ya ci gaba da wasa har ta karye a cikin kayan jirgi a 2003. Amma mu a nan yaro zai hana cikinsa, ya ci bashi, don a ce sandarsa ta fi ta kowa walƙiya a majalisa. Wata uku sitikar ta fara ɗagowa, ya kai ta sayarwa a taya masa kuɗin da bai kai na cefanen yini ba. Ka ɗauki farar in ta miƙe, ka nemi ragi, canjin ka sayi jakarta da allin goga wa bakinta mai kyau.

Daga Hotoro wani yana tambaya ko sanda mai nauyi ta fi bugu, don yana shirin sa maƙeri ya cusa masa ƙarfe a gindin tasa.

Kada ka soma. Lambar da ake rubutawa a gindi, 18 zuwa 21, nauyinta ne a oza, kuma yawancin 'yan wasa a 19 suke tsayawa, wato rabin kilo da 'yan kai. Saurin hannu da saiti ne ke aiki. Ƙarfen maƙeri zai janye nauyin duka baya, bakin sandar ya riƙa tashi daga hannunka.

Wani mai tebur biyu a Kurna ya koka cewa kowane wata sai ya sayi sababbin sanduna, ko su lanƙwashe ko baki ya fita. Yana tunanin sayen masu tsada ko za su fi ƙarko.

Malam, tsada ba za ta cece ka ba. Sandar haya hannu ɗari ke taɓa ta, don haka ka sayi mai ƙwaya ɗaya wadda ba ta da mahaɗi, babu ado, babu zaren naɗi a mariƙa, domin zaren gumi yake sha ya warware. Matsalarka ta fi yawa a wajen ajiya. Na san irin rumfunan: an tashi wasa sai a jingine sanduna a bango a karkace, ƙarƙashin kwano, su kwana su yini. Iskar hunturun Kano tana tsotse ruwan katako, zafin Afrilu ya gasa shi, damina ta zo ta kumbura shi. Ka sa kafinta ya yi maka maratayi da za su tsaya a miƙe cikin inuwa, ko ka kwantar da su a kan tebur ka rufe. Wajen saye ka mirgina kowacce a kan tebur, in bakinta yana tsalle ka bar ta. Wadda aka fafe gefe ɗaya na gindinta, irin ta Ingila, ba ta mirginuwa daidai, sai ka ɗaga ta ka saita da ido ɗaya daga gindi zuwa baki.

Ka kuma auna da ƙwallayenka. Manyan ƙwallaye masu lamba irin na Amurka milimita 57 ne, suna son baki mai faɗin milimita 12 zuwa 13. Siririyar sandar sinukar Ingila bakinta milimita 9 zuwa 10 ne, an yi ta don ƙwallon da ya fi ƙanƙanta. In yara suna fasa manyan ƙwallaye da siririyar, dole baki ya riƙa fita. Ka daina sayen fatar nan mai hular roba da ake sokawa, ka koyi manna ta gaske da gam. Aikin minti kaɗan ne, da reza da sanfefa.

Wani kuma, bai faɗi unguwarsu ba, ya ce ya tsinci tsohuwar sanda a kayan gwanjo, tana da fararen ado da yake zaton hauren giwa ne. Wai ta ina zai fitar da ita waje ya yi kuɗi.

Wannan tambayar ba ta yi min daɗi ba. Da farko, kusan duk farin da za ka gani a irin waɗannan sandunan roba ce. Gaskiya ne akwai tsofaffin sanduna da masu tara kayan tarihi ke biyan dubban daloli a kansu, irin na George Balabushka da ya yi aiki a Niyok ya rasu a 1975, amma su ma sai masana sun tantance, kuma ba a dilar Ƙofar Wambai ake tsintar su ba. In kuma hauren ne da gaske, ka sani an haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1989. A filin jirgi ba mai saye za ka tarar ba, jami'ai ne. 'Yan giwayen da suka rage mana a Yankari ba su kai a riƙa yi wa haurensu farashi ba.

Saƙo na ƙarshe daga wata uwa ne a Gwale. Ɗanta ya gama sakandare da sakamako mai kyau, ya roƙi ta saya masa sanda. Tana son faranta masa, amma tana tsoron kada ta zama ita ta tura shi caca, kuma ba ta san komai a kan sanda ba, tana gudun a cuce ta.

Hajiya, Allah Ya raya shi, Ya yi masa albarka. Damuwarki tana kan hanya, domin akwai teburan da ake sa kuɗi a kai, kowa ya sani. Sai dai sanda ba ta kai yaro can, abokai ne ke kai shi. Yaron da ya zo ya tambaye ki a fili bai ɓoye miki wasansa ba, wannan ma abin godiya ne. Ki sa yayansa ko kawunsa ya bi shi ya ga inda yake wasa da waɗanda yake zama da su, ki kuma sa sharaɗi: babu kuɗi a tebur, kuma in an kira salla an ajiye sanda.

Wajen sayen kada ki je ke kaɗai, kuma kada ki bari a ruɗe ki da ƙyalli. Ki tafi da shi ya riƙe da hannunsa. Tsawon da aka saba inci 57 ko 58 ne, ya ishi saurayi. Ki nemi mai kashi biyu, ta fi sauƙin ɗauka a jaka a Adaidaita. Abu ɗaya da masu shago ba sa faɗa, wasu ma ba su sani ba: fatar baki mai hawa-hawa, irin ta kamfanin Kamui na Japan, da fatar alade ake yin ta. In hankalinku bai kwanta da ita ba, ku duba gefen fatar, mai hawa-hawa za ku ga layi-layi a jikinta. Ku nemi mai hawa ɗaya, yawanci ta saniya ce ko ɓauna, kuma ta fi araha nesa ba kusa ba.