Fatakwal: da kwal a cikin sunan ne?

Wani mai karatu daga Zariya ya aiko da tambaya: "Malam, an ce mini saboda kwal aka gina Fatakwal. To kwal ɗin da ke ƙarshen sunan, shi ne wanda ake haƙowa a ƙasa?"

Wanda ya gaya maka bai yi ƙarya ba, sai dai sunan ba daga nan ya fito ba. A 1909 Turawa suka gano kwal a Udi, kusa da inda Inugu take a yau. Fitar da shi ya zama aiki, domin bakin tekun wajen kusan duk fadama ne. A 1912 aka dace da wani wuri a gaɓar kogin Bonny, a ƙasar mutanen Diobu da Okrika, ga ruwa mai zurfin da manyan jirage za su shiga, ga tudun da za a yi gini. A 1913 Gwamna Lugga ya raɗa masa sunan Lewis Harcourt, ministan Ingila mai kula da ƙasashen da suke mulka. Port Harcourt ke nan, wato tashar Harcourt.

Sauran aikin bakin Bahaushe ne ya yi. Harafin farko ya koma "f", kamar a fasinja da fensir da famfo. Gaɓar ƙarshe ta bi hanyar kwat da kwas, inda "ko" ɗin Bature ke zama "kwa" idan baƙi ya rufe gaɓar. Ita kuwa "t" ta ƙarshe ba ta cika zama lafiya a bakinmu ba: Basakkwace ya ce biyat, Bakano ya ce biyar, wasu su ce biyal. A ganina haka kwat ta zama kwal. Ba zan yi musu ba idan aka ce ganin taragon kwal a garin ya taimaka wa sunan ya zauna daram, amma asalinsa sunan mutum ne.

Tun da mun zo nan, a daina haɗa kwal da gawayi. Gawayi itace ne da aka ƙona, maƙera sun fi son na ƙirya. Kwal kuwa ma'adini ne, kalmar ma aro ce, ita ce a cikin kwalta.

Wata malama daga Maraɗi ta tambayi ma'anar "Ba a fafe gora ranar tafiya". Fafewa ita ce a yanke bakin gora a ƙwaƙule cikinsa. Bayan nan sai an jiƙa shi kwanaki, ɗacin ya fita, kafin matafiyi ya zuba ruwan sha. Wanda ya bari sai an ɗaure kaya, ruwa mai ɗaci zai sha a hanya. Ana faɗa wa mai jinkirin shiri.

Labarin Fatakwal ɗin ma ya isa misali. An fara aikin tashar tun ba a fara haƙar kwal ba, domin sai 1915 aka buɗe mahaƙar Udi, layin dogo mai tsawon mil 151 kuma ya haɗa wuraren biyu a 1916. Da kwal ya fito, bai jima yana jiran hanya da tasha ba. Shirin kai layin Arewa ne ya sha jinkiri, Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tsayar da shi. Sai 1927 ya haɗu da layin Kaduna ta Kafanchan, gadar Makurɗi kuwa sai 1932. Kafin nan a jirgin fito ake haye Binuwai da taragai. Daga baya jiragen ƙasa suka koma shan dizal, kasuwar kwal ta faɗi, a 1958 kuma ɗanyen man fetur da aka haƙo a garin Oloibiri ya fara fita ta wannan tashar.