Tambayi Likitan Dabbobi: In haɗa karyata da ɗan'uwanta?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina da karnukan gadi biyu 'yan Alsashiyan, mace da namiji, ciki ɗaya, watansu 10. Macen ta fara jinin neman barbara. Ina so in haɗa su don kada iri ya gauraya, tunda masu saye tsantsa suke nema. Akwai matsala?
Mai karatu daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Kada ka haɗa su, ka ma raba musu ɗaki yau, har sati uku ko huɗu, jinin ya wuce.

Kwikwiyo yana gadon ƙwayoyin halitta bibbiyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Cututtuka da dama suna kwance a ɓoye, ba sa fitowa sai ya gaji gurɓatacciyar ƙwaya ta ɓangarorin biyu. 'Yan ciki ɗaya kuwa sau da yawa abin da suka ɓoye iri guda ne. Idan aka haɗa wa da ƙanwa, ko uba da 'ya, ma'aunin kusancin jini a 'ya'yan kashi 25 ne cikin 100. 'Yan uba kawai, 12.5. Sakamakon shi ne 'ya'ya kaɗan, mace-mace a satin farko da raunin garkuwar jiki. Shi ya sa tun 2009 ƙungiyar Kennel Club ta Ingila, mai rajistar karnuka, ta daina rajistar 'ya'yan irin wannan haɗi. Tsantsar iri ai ba ta buƙatar zumunci. Nemi wani Alsashiyan daga gidan da ba su haɗa kakanni ba.

Ita kanta karyar ba ta isa ba. Ƙashinta bai gama ƙosawa ba, a bari sai ta kai wata 18 zuwa 24.

Babban ciwon 'yan Alsashiyan shi ne gocewar ƙugu: kan ƙashin cinya ba ya zama daidai a gurbinsa. Za ka ga kare yana wahalar tashi bayan kwanciya, in zai yi gudu sai ya haɗa ƙafafun baya yana tsalle irin na zomo. Gado ne, kuma ƙiba tun yana ƙarami tana ƙara tsananta shi. Ido ba ya isa, domin wani yana ɗauke da shi bai fara ɗingishi ba. Kafin barbara a ɗauki hoton ƙashin ƙugu da gwiwar gaba na uwa da uba, bayan an yi musu allurar barci. Tunda kana Zariya, fara da asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello. Mai namijin da ya ƙi nuna maka hoto, ka bar masa karensa, komai girman kan karen da kyan gashinsa.

A duba al'aurar namijin kuma. Akwai wani ƙari mai zubar jini da ake ɗauka wajen barbara, kuma ya yawaita a karnukan da ke yawo.

Ciki kwana 63 ne ko kusa da haka. 'Ya'yan su fara shan maganin tsutsa a sati 2, rigakafin cututtukan karnuka na fabo da distemfa a sati 6 zuwa 8, na haukan kare a wata 3. Kada a raba su da uwa kafin sati 8.