Fankar furosesa na ihu kamar injin niƙa: a rage mata gudu?

Tambaya: Ina da shagon buga takardu kusa da Kasuwar Dole a nan Damagaram. Kwamfutar tebur ce ta haɗi, babban allonta na ciki da ake jona komai a kansa ASUS ne, furosesa, wato ƙwaƙwalwarta, Intel Core i5 da ƙaramar fankar da ta zo da shi. Tun shigowar bazara fankar ke ƙara daga kunnawa har kashewa, har sai na ɗaga murya in ina magana da masu kawo aiki. Wani yaro ya ce in shiga BIOS, wato shafin saiti da ake shiga da an kunna kwamfuta, in rage mata gudu. In rage?

Amsa: Malam, dakata tukuna. Ana iya rage gudun, zan kuma gaya maka yadda ake yi, amma fanka ba ta ihu haka kawai. Ko dai furosesa ne ya yi zafi ita kuma tana bakin aikinta, ko kuwa babu abin da ke ba ta umarni sai ta saki gudu gaba ɗaya. Maganin kowanne daban, kuma in ka rage gudu alhali zafi ne, kwamfutar za ta fara nauyi, daga baya ta riƙa mutuwa a tsakiyar aiki.

Fara da awo. Sauke HWMonitor ko Core Temp, kyauta ne, ka duba zafin furosesa lokacin da ba ka komai, sannan ka sake dubawa lokacin da aiki ya yi yawa. Yawancin furosesan Intel suna rage wa kansu ƙarfi in sun kai wajen digiri 100. Abin da masu koyarwa a intanet ba sa lissafawa shi ne ɗakin da suke zaune. Fanka iskar ɗaki take hurawa, ba ta iya sauke furosesa ƙasa da zafin wannan iskar. Mai ɗaki na digiri 22 zai ce maka ya kamata ka ga 35 a hutu. Kai da shagonka na kwano ke haura 40 da azahar a watan Afrilu da Mayu, in ka ga 50 ko 55 ba abin tashin hankali ba ne. Wanda ke nuna matsala shi ne 70 ba a komai, ko 90 da ɗan aiki kaɗan.

In zafi ne, cire filogi ka buɗe gefen akwatin. A garin nan, cikin kwamfutoci goma da ake kawo mini da wannan kukan, mafi yawansu ƙurar hunturu ce. Ɗaga ido ka leƙa tsakanin fanka da ƙarfen aluminiyam mai tsaga-tsaga da ke ƙarƙashinta. Za ka tarar da ƙura ta dunƙule ta zama kamar bargo, har ana ɓanɓaro ta da yatsa a zare ta ɗaya. Fankar na juyawa, iska kuwa ba ta ratsawa. Hure shi da na'urar hura iska a waje, ka riƙe fikafikan da yatsa kada iskar ta juya su fiye da kima.

Sai ka taɓa ƙafafu huɗun nan na roba da ke riƙe ƙarfen a jikin allo. Na Intel suna da halin sakin ɗaya, musamman in an taɓa ɗauko kwamfutar a kan babur. Ƙafa ɗaya ta kwance, ƙarfen ya karkace kaɗan, zafi ya tashi nan take. In ka cire shi za ka ga man da ke tsakaninsa da furosesa, wanda masu gyara ke ce wa pat termik. In ya bushe ya tsattsage kamar ƙasan tafki da rani, goge shi da alkol, ka ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya. Wajen mayarwa, danna ƙafafun biyu-biyu masu kallon juna ta kusurwa har ka ji sun yi ƙas. Man goge baki da wasu ke shafawa, don Allah a bari.

In kuwa awo ya nuna furosesa na cikin sanyi amma fanka na ta gudu, bi wayarta. Dole ta shiga inda aka rubuta CPU_FAN a jikin allo. Ƙirga wayoyin. Mai waya huɗu tana karɓar volt 12 a kodayaushe, waya ta huɗu ce ke kai mata saƙon yawan gudun da za ta yi, shi ne ake kira PWM. Mai waya uku ba ta da wannan, sai dai allo ya rage mata wutar kanta, shi ne DC. In fanka mai waya uku ce aka bar allo a kan PWM, cikakken gudu za ta yi dare da rana, ko furosesa na sanyi kamar randa.

Yanzu BIOS. Da ka kunna, danna Del ko F2. A allon ASUS sashen sunansa Q-Fan. Gigabyte da MSI suna kiran nasu Smart Fan. Zaɓi PWM ko DC daidai da wayoyin fankarka, sannan ka ja layin da ke haɗa zafi da gudu. Ni ga yadda nake saita wa mutanen garin nan: kashi 40 cikin ɗari har zuwa digiri 50, kashi 65 a digiri 65, cikakken gudu daga 80. Ba na amfani da zaɓin Silent da bazara. In akwai wurin jinkirta hawa da saukar gudu, sa daƙiƙa biyu ko uku, domin sau da yawa abin da ke damun kunne shi ne tashi da faɗuwar ƙarar, ba ƙarfinta ba. Danna F10 ka adana. Kada ka kashe gargaɗin CPU Fan Error don ya daina damunka. Ranar da fankar ta tsaya shi kaɗai zai sanar da kai.

Wani abu da ke rikita mutane: ka saita, washegari an ɗauke wuta, ƙara ta dawo. Duba agogon kwamfutar. In shi ma ya koma baya, ƙaramin batirin nan mai kama da tsaba da ke jikin allo, CR2032, shi ne ya mutu, BIOS na mantuwa. Canza shi.

Ka kuma saurari irin ƙarar. Huci na iska daban, gurnani ko karkarwa daban. Na biyun bori ne ya ci, wato abin da fankar ke juyawa a kansa, ɗigon mai zai lallaɓa ta na ɗan lokaci, amma sabuwa ce magani. In za ka saya, nemi mai tsayuwa kamar hasumiya da fanka ta milimita 120, tana tura iska mai yawa a gudu kaɗan, don haka ta fi ƙaramar Intel shiru nesa ba kusa ba. Auna faɗin akwatinka kafin ka biya kuɗi, ka kuma tabbatar ta dace da mazaunin furosesanka. Sannan ɗauke akwatin daga ƙasa ka ɗora shi kan tebur, ka bar tazarar taƙi ɗaya tsakaninsa da bango.